Akwatin Giya: Arhar Da Ake Biya A Takardar Kuɗin Wuta

Ranar Talatar da ta gabata, ana dab da kiran sallar isha'i, wani tsohon ɗalibina ya kira ni daga Legas. Shekara huɗu ke nan da kammala karatunsa, yanzu shi ke kula da injuna a wani katafaren sito na rarraba kayan masarufi, irin wanda kwalaye ke tafiya da kansu a kan bel, tun daga inda aka jera su har bakin tirela. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, akwatin giyar nan ya sake zubar da mai. Shi ne na uku a wuri ɗaya cikin shekara guda, kuma oga ya ce in nemo irinsa, tunda shi ne mai sauƙin kuɗi." Na tambaye shi ko yana iya ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin sa'ad da yake aiki. Ya yi dariya, ya ce ko kusa. Daga nan na fahimci inda matsalar take, kuma ita ce nake so mu duba a wannan makon.

Kafin wani ya ɗaga gira, giyar da nake nufi ita ce ta direbobi, wadda makanikai ke kiran gidanta giyabos.

Duk wanda ya kalli bidiyon rumbunan ajiya na Amazon, abin da ke ɗauke masa hankali shi ne ƙananan mutum-mutumin nan masu shiga ƙarƙashin kanta su ɗauke ta. Kamfanin ya sayi Kiva Systems, masu ƙera su, a shekarar 2012 kan dala miliyan 775, kuma tun daga lokacin duk hirar da ake yi a kan sito mai sarrafa kansa ta koma hirar mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira. Ɗalibaina ma haka suke. Kowa aikin kammala karatunsa yake so ya yi a kan mutum-mutumi. Amma da zarar kaya ya bar kanta, bel ne ke ɗaukarsa, kuma a irin waɗannan gine-gine tsawon bel yana kaiwa kilomitoci. Kowane yanki nasa yana da injin lantarki da ke jan sa, kuma tsakanin injin da bel akwai wani akwatin ƙarfe da mai ɗaukar bidiyo ba ya tsayawa a kansa.

Ga dalilin zamansa a wurin. Injin lantarki na gama-gari, a irin wutar da muke amfani da ita a Najeriya da Turai, yana juyawa kimanin sau 1,450 a minti ɗaya. Gangar da ke jan bel kuwa, in faɗinta santimita 20 ne, kuma ana so bel ya ci mita ɗaya a daƙiƙa, juyi 95 kawai take bukata a minti. A wuraren da ma'aikata ke tsaye suna duba kaya ko ɗaure kwali, inda bel ke tafiya a hankali, abin na iya sauka zuwa juyi 24. Wato sai injin ya juya sau 60 kafin ganga ta juya sau ɗaya. Aikin akwatin giya ke nan: ya karɓi gudu, ya mayar da shi ƙarfin murɗawa. Mai keke ya san wannan a cinyarsa, domin in ya zo hawa tudu yakan sauya giya, ƙafa ta yi ta juyawa da sauri, keke na tafiya a hankali amma da ƙarfi.

Hanyoyin yin wannan ragi suna da yawa, amma biyu ne suka shafi maganarmu. Ta farko ita ce giyar da Turawa suka laƙaba wa sunan tsutsa saboda siffarta. Sandar ƙarfe ce mai murɗaɗɗen zare kamar na noti, tana juya wata ƙafa mai haƙora wadda galibi da tagulla ake yin ta. A mataki ɗaya tak tana iya rage gudu sau 60, ba ta da ƙara, ba ta cin wuri, ga ta da arha. Ta biyu ita ce mai karkatattun haƙora, inda ƙafafun ƙarfe ke cizon juna, haƙori na mirginawa a kan haƙori. Ita sai an jera matakai biyu ko uku kafin a kai wancan ragi, don haka ta fi tsada a ranar saye.

Bambancin yana cikin yadda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. A giyar tsutsa, zaren sandar gogar haƙoran tagulla yake yi, kamar mai wasa wuƙa a dutse, kuma duk inda aka yi guga zafi ne ke fita. In ragin ya kai sau 50 ko 60, ƙaramin akwati irin wannan na iya miƙa wa bel kashi 60 cikin 100 kacal na ƙarfin da injin ya ba shi. Sauran kashi 40 ɗin shi ne abin da ya hana ɗalibina ɗora hannu. Mai karkatattun haƙora kuwa tana asarar kashi biyu ko kusa da haka a kowane mataki, ta yadda ko da matakai uku ne, kimanin kashi 94 zuwa 95 na isa inda ake so.

Bari mu yi lissafin da na sa shi ya yi a waya. Mu ƙaddara sito yana da akwatuna 200, kowanne ana so ya ba bel rabin kilowat. Da giyar tsutsa sai injin ya zuba kilowat 0.83, da ɗayar kuwa 0.53 ya isa. Bambancin kilowat 0.3 ne, abin da ba zai ɗaga wa kowa hankali ba a akwati ɗaya. A akwatuna 200 ya zama kilowat 60. In ana aiki awa 16 a rana, kwana 300 a shekara, an ƙona yunit 288,000 na wuta ba tare da kwali ko ɗaya ya motsa da su ba. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta kai kuɗin yunit ɗaya na rukunin A zuwa naira 225, kodayake an ɗan sassauta daga baya. A wancan farashi, asarar ta doshi naira miliyan 65 a shekara. In da janareto ake aiki, lissafin ya fi haka muni. Wannan kuɗi ba ya bayyana a takardar da mai sayayya ya sa wa hannu, yana zuwa ne wata-wata a wata takarda daban, a teburin wani ma'aikaci daban wanda ƙila bai taɓa shiga ɗakin injuna ba.

Ba na so a ɗauka giyar tsutsa abar banza ce. A ƙofar da ake buɗewa sau goma a rana, ko bel ɗin da ke aikin rabin awa ya huta, asararta ba ta taka kara ta karya ba, kuma arharta riba ce. Tana da wata ɗabi'a kuma da ake so a bel mai hawa sama: in ragin ya yi yawa, nauyin kaya ba ya iya juya ta da baya idan wuta ta ɗauke. Sai dai injiniyan kirki ba ya dogara da wannan a madadin birki, domin girgiza kaɗan na iya sakin ta. Laifin yana wajen ɗaukar abin da aka yi don aikin jefi-jefi a ɗora masa aikin yini da dare.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da waɗanda suka ƙera akwatunan. Manyan masu wannan sana'a tsofaffin kamfanoni ne na Turai: SEW-Eurodrive da ke garin Bruchsal a Jamus tun 1931, Bonfiglioli na Bologna a Italiya tun 1956, da Nord da aka kafa kusa da Hamburg a 1965. Jadawalin da suke bugawa yana faɗin irin zafin wurin da aka yi lissafi a kansa, kuma yana umartar mai saye ya ƙara girman akwati in wurinsa ya fi haka zafi, ko in bel zai riƙa tashi da tsayawa sau da yawa a awa. Wannan shafi ne ba a karantawa. Sito mai rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu, zafin cikinsa ya wuce digiri 40 tun kafin a kunna inji. Akwatin da ke ƙona kashi 40 na ƙarfinsa a irin wannan ɗaki, mansa zai tsinke, robar da ke tare man ta bushe ta tsage, ƙurar hunturu ta samu ƙofa ta cakuɗe da man, ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Tagulla ce za ta fara ci, sannan boris. Masu harkar mai suna da ƙa'idar da suke aiki da ita, cewa bayan wani mataki na zafi, duk ƙarin digiri goma na rage rabin kwanan mai.

A sito mai sarrafa kansa kuwa, tsayuwar yanki ɗaya tsayuwar layi ce gaba ɗaya. Kwalaye su taru a baya, tireloli su yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ma'aikata ɗari su zauna jiran akwatin da mutum ɗaya zai iya rungumarsa.

Sabbin rumbunan Turai da Amurka sun ɗauki wata hanya a wuraren da kaya ba su da nauyi sosai. Maimakon babban inji ɗaya ya yi ta jan dogon bel ko da babu kaya a kai, sai a cusa ƙaramin inji da giyarsa a cikin bututun da ke mirgina kayan, mai faɗin santimita 5, yana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 24 ko 48. Kamfanin Interroll na Suwizalan ya yi suna a wannan. Ana raba layin gida-gida, kowane gida da na'urar da ke ganin isowar kwali, ya tashi in kaya ya zo, ya kwanta in ya wuce. Giyar ba ta ɓace ba, ta shige ciki ne inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ke damuna a matsayina na malami shi ne, ɗalibin nan ya ci darasin ƙirar injuna da maki mai kyau a hannuna. Ya san yadda ake lissafin ƙarfin haƙorin giya. Abin da ban koya masa ba shi ne yadda zai juya wannan ilimi zuwa naira, ya ajiye shi a gaban mutumin da ba ruwansa da haƙori, farashi kawai yake gani. Muna fitar da injiniyoyi masu iya warware tambayar jarrabawa, amma in oga ya ce "sayo mai arha" sai su yi shiru, alhali hujjar tana hannunsu. Ga tashoshin sauke kaya na kan tudu an buɗe a Kaduna da Kano, kuma duk sito na zamani da za a gina a gefensu, wani ne zai zauna ya zaɓi waɗannan akwatuna daga cikin jadawali.

Na ce masa kada ya yi gardama da kowa. Ya ari ma'aunin zafi da na wuta, ya auna akwatin sau uku a yini har tsawon mako guda, ya haɗa da rasiɗan akwatuna ukun da suka mutu da awoyin da layi ya tsaya, duk a shafi ɗaya, jimillar kuɗi a ƙasa da manyan baƙaƙe. Jiya da la'asar ya turo mini awon farko: digiri 93 a jikin akwatin. Na nemi izininsa, ya amince, zan sa wannan lamba a tambaya ta farko ta jarrabawar 'yan aji huɗu a ƙarshen zangon nan.