Maganar Hannu Ba Ta Ɗaure Harshen Yaro

Akwai wani gargaɗi da ake yawan yi wa uwaye mata a ƙasar Boɗinga da ta Shagari, daga Sifawa har Kajiji, duk lokacin da yaro ya cika shekara biyu bai fara kiran "Inna" ba. Akan ce wa uwar kada ta kuskura ta riƙa yi masa nuni da hannu, wai idan ya saba da nuni harshensa zai yi nauyi, ya ƙi magana ke nan har abada. Masu wannan gargaɗi, galibi kakanni da maƙwabta, da kyakkyawar niyya suke yinsa. Amma fa kuskure ne, kuma yaron ne ke kwana a ciki.

Su ma Turawa sun taɓa faɗawa cikin wannan rami. A shekarar 1880 malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan na ƙasar Italiya, suka yanke shawarar a kori maganar hannu daga makarantu, a tilasta wa kurame koyon magana da baki. Aka shafe shekaru ana tsawata wa yara a kan motsa hannu, da yawansu suka fita makaranta babu maganar bakin, babu karatun kirki. Sai a 2010, bayan shekara 130, taron malaman ya zauna a birnin Banƙuba na Kanada, ya janye waccan shawara tare da nuna nadama.

Abin da masana suka gano kuwa shi ne, ƙwaƙwalwar jariri harshe take nema, ko ta kunne ya shigo ko ta ido. A 1991 wata masaniya mai suna Laura Petitto, a Jami'ar McGill ta Kanada, ta nuna cewa jariran kurame da suka tashi a hannun iyaye masu maganar hannu sukan yi gwaranci da yatsunsu, kamar yadda jariri mai ji yake yi da bakinsa kafin ya furta kalmar farko. Haka nan 'ya'yan kurame masu jin magana sukan tashi da harshe biyu, na hannu da na baki, ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Har ila yau, a 2013 masu bincike a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila sun bi jarirai 40 masu lafiyar kunne, waɗansu ana yi musu nuni waɗansu ba a yi. Nunin bai sa sun yi saurin magana ba, bai kuma jinkirta ta ba.

To, idan yaro mai ji ne, batun da sauƙi. Inda abin ya yi tsanani shi ne ga yaron da kunnensa ya mutu. Jihar Sakkwato tana cikin yankin da sanƙarau ke yi wa ɓarna lokacin zafi. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma daga cikin waɗanda suka tashi akwai waɗanda suka tashi da kurumta. Ga ƙyanda, ga ciwon kunne mai zubar da ruwa wanda ba a kula da shi ba. Irin wannan yaro ba ya jin abin da ake faɗa masa, in kuma aka hana shi hannu, an rufe masa ƙofa biyu ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekaru biyar na farko su ne ɗanyen harshe. Wanda ya wuce su babu harshe ko ɗaya, karatu da lissafi, har da fahimtar salla, za su yi masa wuya ko da an kai shi makaranta daga baya. A gida kuwa sai a ce taurin kai gare shi, alhali ba shi da hanyar cewa cikinsa ne ke ciwo.

Wani abin mamaki shi ne, ƙasar Hausa tana da nata harshen hannu tun kafin zuwan boko. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000 mai suna Maganar Hannu. Wanda ake koyarwa a yawancin makarantu kuwa asalinsa na Amurka ne, Andrew Foster ya zo da shi lokacin da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Kano ta buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977, Sakkwato kuma tana da makarantar A. A. Raji a cikin birni. Sai dai makaranta ba ta karɓar ɗan goye, kafin yaron Boɗinga ko Shagari ya isa shiga aji an riga an yi asarar shekarun da suka fi muhimmanci.

Gaskiya ne likitoci suna da saɓani game da yaron da aka dasa wa na'urar ji a cikin kunne, ko a haɗa masa da maganar hannu ko a tsaya a kan baki. Amma wannan aiki na miliyoyin naira ne, manoma nawa ne za su iya? Bai kamata gardamar masu hali ta hana ɗan talaka abin da ke hannun uwarsa kyauta ba.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a sa maganar hannu cikin manhajar makarantu. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya da ta Ilmi da ƙananan hukumomin nan biyu su fara tun kafin makaranta, watau daga ranar allurar rigakafi, inda uwaye ke taruwa da goyonsu. A koya wa ma'aikatan asibiti su tambayi uwa ko jaririnta yana waiwayowa in an kira shi, a tura wanda ake shakka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo don auna kunne. Sa'an nan a ɗauki manyan kurame na garin, maza da mata, a ba su ɗan alawus su riƙa zama da uwayen, su koya musu alamar ruwa da abinci da barci da ciwo tun yaro yana baya.