Holan: an bar jaki, ana dukan taiki

Ƴan kasuwa sun san ƙasar Holan da atamfa. Abin da kaɗan suka sani shi ne yadda jami'o'inta suka kai harshen ƙasarsu kasuwa, suka sayar da shi araha.

A 1989 ministan ilimi Jo Ritzen ya kawo shawarar a ƙara koyarwa da Ingilishi, jama'a suka yi masa ca. Dokar ilimi mai zurfi da ta biyo baya ta ce da Holanci za a koyar, sai inda ya zama dole. Ta wannan ƴar kafa ce raƙumi ya shige da kayansa. Bayan yarjejeniyar Bolonya ta 1999, akasarin karatun digiri na biyu ya koma Ingilishi. Dalilin kuwa kuɗi ne: gwamnati tana ba jami'a gwargwadon yawan ɗalibanta, har da waɗanda suka zo daga Tarayyar Turai.

Ɗaliban ƙasar sun rabu. Wasu suna murna, suna ganin ƙofar aiki a duniya ce ta buɗe. Wasu suna kukan malaman da ke karantarwa da abin da Holawa ke kira Ingilishin gawayi, wato gurgun Ingilishi, da cunkoson aji, da rashin ɗakin haya. A 2018 ɗalibai baƙi a tanti suka kwana a birnin Groningen.

Kukan gaskiya ne, amma mai ɗora laifin a kan baƙo ya ɓata hanya. Baƙo gayyatarsa aka yi. Shugabannin jami'a ne suka ƙirga kawuna, ba su ƙirga gadaje ba. Ƙungiyar Beter Onderwijs Nederland ta kai jami'o'in Twente da Maastricht kotu a 2018, ba ta ci nasara ba. A 2019 wata jami'ar Amsterdam, Vrije Universiteit, ta rufe digirin farko na Holanci saboda ƙarancin masu so.

Ma'aikacin Nijar da ya yi karatunsa kaf da Faransanci ya san wannan ciwo: likita ko alƙali da ke neman tafinta a gaban talakansa. Nijar ɗora mata aka yi. Holan kuwa da hannunta ta ɗauka, babu soja, babu gwamnan mulkin mallaka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.