Wane wasa ya dace da ɗiyanmu mata?

Ran Laraba, da munka gama karatu, wata uwa ta tsaya ta yi mini ƙorafi. Ta ce mushen lakwal ya sa ɗiyarta gudu a fili. Yarinyar shekararta 9. Uwar ta ce: "Malama, karatu munka kai ta ko tsere? In motsa jiki ne, ai kullum sau huɗu take zuwa rijiya."

Mata sunka yi dariya. Da yawa sunka ba ta gaskiya. Ni dai ban ba ta ba.

Aiki daban, wasa daban. Yarinyar da ke ɗauke da bokitin ruwa, wuyanta da bayanta ne ke shan wuya. Wadda ke goyon ƙanenta tun safe, ƙugunta ne ke ɗauke da nauyi. Gajiya ce take samu. Amma in tana gudu ko tsalle, jikinta duka na aiki. Zuciya na bugawa da ƙarfi, numfashi na buɗewa, ƙashi na yin ƙwari. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya kamata ya samu minti 60 na motsa jiki kowace rana. Ba ta ce namiji kaɗai ba.

To wane wasa za mu zaɓa musu? Ni a ganina mu fara da abin da ke hannunmu. Na farko gaɗa. Duk macen da ke karanta wannan takarda ta san ta. Ƴan mata su yi da'ira suna tafi suna waƙa, ɗaya ta fito ta yi rawa, ta faɗa da baya, sauran su tare ta su cilla ta sama. Dubi abin da ke ciki. Akwai tsalle, akwai ƙarfin hannu, akwai numfashi. Akwai kuma amana, don ba ki faɗawa da baya sai kin yarda za a tare ki. Mu da munka yi ta a farin wata, wa ya ce mun lalace? Yau dandali ya yi shiru. Yara na zaune gaban talabijin ko sun kewaye salular yayansu.

Ƴar gala-gala ma haka. A zana gidaje a ƙasa, a jefa katanga, a yi ta tsalle da ƙafa ɗaya. Ta dace da ƙanana, ƴan shekara 6 zuwa 8, don tana koya musu tsayuwa daidai da ƙirga. Tsallen igiya kuwa, igiyar kaba ta isa. Ko dala ba a kashewa. Carafke tana gyara ido da hannu, sai dai a zaune ake yin ta, ba za ta isa ita kaɗai ba.

In yarinya ta kai shekara 9 ko 10, sai a ƙara mata gudu da balo. Ni na fi son ƙwallon hannu. Balo ɗaya ta ishi aji guda, duwatsu huɗu sun isa a yi raga. A nan take koyon miƙa wa ƴar uwarta, da bin doka, da haƙuri in an cinye ta. Wadda ta fi son ƙwallon ƙafa, a bar ta ta buga da ƴan uwanta mata. Ku riƙa tambayar yarinya abin da take so. Wasan dole ba ya daɗewa.

Na san abin da ke zukatan iyaye, ko ba su faɗa ba. Wasu na tsoron tsiraici. Wannan mai sauƙi ne: wando dogo a ƙarƙashin riga, da ɗan hijabi wanda ba ya jan ƙasa. Zane kaɗai ne ke kwancewa ya kayar da yarinya. Wasu kuma na cewa tsalle na hana mace haihuwa in ta girma. Ba haka ba ne. Ku tambayi ungozomar likita.

Mu mutanen jahar Tawa mun san darajar ƙarfi. A Tawa aka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975. In ɗan kokowa zai fita, gari duka ke tara mishi hatsi. Ɗiya mace fa? Ga Aminatou Seyni, ƴar Nijar. A 2022 ta zo ta ɗaya a Afirka a gudun mita 200. A wannan shekara kuma, a Amurka, ta zo ta huɗu a duniya. Sunan ƙasarmu aka kira.

Sai dai akwai kiyayewa. A bazara, Afrilu da Mayu, kar a sa yara gudu da tsakar rana. Da sassafe ko bayan la'asar. Su sha ruwa, kuma kar su yi gudu da yunwa. Mai zazzaɓi ta huta. A share fili, a tsince ƙaya da kwalba. Kuma nesa da babbar hanya. Kun ga yadda manyan motocin albasar Galmi da na simintin Malbaza ke wucewa nan Dogarawa.

Saura lokaci, kuma nan ne gizo ke saƙa. Yarinya ta taso lakwal, ga ruwa, ga talla, ga makarantar allo. Yayanta kuwa ya ajiye jaka ya tafi balo. Na ce wa uwar nan ta miƙa wa ɗanta namiji bokiti, ya yi sawu biyu cikin huɗun. Ta ce sai ta yi shawara da maigida. Ran Laraba mai zuwa zan tambaye ta.