Sanarwar Bayan Taro Kan 'Yan Matan da Ƙin Jikinsu Ke Ɓata wa Cin Abinci

Ƙungiyarmu ta malamai mata masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai ta yi zama a Kano tare da ma'aikatan jinya da wasu iyaye mata, kan yadda 'yan matanmu ke cutar da kansu saboda ba sa son surar jikinsu.

Taron ya lura cewa matsalar fuska biyu gare ta. Akwai yarinyar da ke ƙaurace wa abinci, ko ta ci ta je ta tayar da amai a ɓoye, har al'adarta ta ɗauke, haƙoranta su zaizaye, bugun zuciyarta ya rikice. Wadda ta fi tayar mana da hankali, domin mun fi cin karo da ita, ita ce mai shan ƙwayoyin "sha ka fashe" don ta yi ƙiba, musamman idan aure ya matso. Cikin ƙwayoyin nan akwai dexamethasone, mai kumbura fuska, mai jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Barin sa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha ma haɗari ne, sai da kulawar likita.

Mahalarta sun yi ittifaƙin cewa tun kafin TikTok a gida abin ke farawa. Uwa ta ce "kin zama ƙashi da rai", gwaggo ta ce "wa zai ɗauke ki a haka?" Yarinya ba ta manta irin wannan magana.

Don haka ƙungiya ta yanke shawarar buɗe ƙananan zauruka a makarantunmu, inda ɗalibai da bakinsu za su riƙa ƙalubalantar siffar da ake tallata musu a matsayin kyau. An hana mambobi auna nauyin ɗaliba ko tsokaci kan jikinta a gaban jama'a.

Muna roƙon iyaye su ɗauki lamarin a matsayin ciwo, su daina kiransa iyayi ko tsiwa, su kai yarinya asibiti da wuri. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Barnawa da Kware, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Muna kuma kira ga NAFDAC da ta tsaurara sa ido kan sayar da waɗannan ƙwayoyi ba da takardar likita ba, sannan gwamnatocin jihohi su aiwatar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, ta yadda kowace makarantar kwana za ta samu mai ba da shawara.

Sa hannu:
Shugaba da Sakatariyar Ƙungiya