Ka yi dariya da bidiyon jirgin, ka duba injin Sharaɗa kuwa?

Kwanaki wani bidiyo ya yi ta yawo a TikTok: mutum ya murɗa farfelar ƙaramin jirgin sama da hannu, injin ya kama, jirgin ya fara tafiya shi kaɗai, mai shi na bin sa da gudu. Mun sha dariya a sharhi. Irin wannan ta faru da gaske a jihar Ohio ta Amurka a 1997, inda jirgi ya tashi babu kowa ciki ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin ya faɗo.

Masu tuƙin jirgi suna da ƙa'ida a kan haka: mutum ɗaya a kujerar matuƙi ya taka birki, a sa waji a tayoyi, maƙura a buɗe kaɗan, sannan ɗayan ya murɗa ya ja da baya.

To mu fa? Ai muna da irin namu. A ƙananan masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, da zarar an ɗauke wuta sai a koma kan injin dizal, wasu har yau da handil ake tayar da su. Idan injin ya yi gardama ya dawo da baya, handil ɗin ne ke dukan hannu. Shi ya sa tsofaffin makanikai ke cewa kada ka naɗe babban yatsa a jikin handil, ka haɗa shi da sauran yatsu. Abokina da ya yi aikin hutu a wani kamfanin robobi ba wanda ya gaya masa wannan. Ya dawo makaranta da hannu a ɗaure, aka ce "tsautsayi ne", shi ke nan.

Ni dai ban yarda komai tsautsayi ba ne. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace filawil da sassan inji masu juyawa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ce mai kamfani ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF, don a biya wanda ya ji rauni. Ɗan kazuwal nawa ne ya san da wannan?

Wani zai ce, "Malam, wanda ke neman na abinci ina ya ga ta tambaya? Ka yi magana a sallame ka." Gaskiya ne, layin masu jiran aikin yana bakin get. Amma kafin ka taɓa injin da ba ka sani ba, ka ce a nuna maka, wani ya tsaya kusa da makashin, ka naɗe hannun riga, 'yan'uwa mata a ɗaure gyale nesa da bel. Wayar da muka kalli jirgin da ita kuma, mu tura wa ƙannenmu masu shiga kamfani wannan hutun abin da dokar ta ce.