Zumuncin WhatsApp ba zai nuna maka halin da kogin Haɗeja ke ciki ba

Mu da muka yi makaranta tare a Haɗeja muna da zaure a WhatsApp. Kullum gaisuwar Juma'a da hotunan biki. Ka tambayi mutum ya gida, ya ce sai godiya. Da hunturun bana na ce bari dai in je da kaina, tunda zumunta a ƙafa take.

Daga Kano ban bi ta Ringim ba. Na zaga ta Birnin Kudu na ga zanen shanun mutanen da a Dutsen Habude, na kuma tsaya a Dutse, inda duwatsu suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Masu tafiya Jos kallon tsauni, ga naku a ƙofar gida. Da na wuce Jahun sai duwatsu suka ƙare, ƙasa ta miƙe sai fadama.

Abokina da ke noman shinkafa a yankin Baturiya bai taɓa kawo kuka a zauren ba. Sai da muka shiga kwalekwale na ga abin da "sai godiya" ta rufe. Inda muka saba ganin masunta, yau kachala ce ta fi tsayin mutum. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake cika da damina ya janye da rani ya koma kwanciya shekara sukutum. Abin da kachala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya bi gonaki da gidaje, kamar a ambaliyar 2022. Cikinta kuma jan-baki ke kwana, da safe ya dira kan shinkafa.

An sa Baturiya cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma tsuntsayen Turai na zuwa har yanzu. Na gan su. Amma a ganina duk maganar yawon buɗe ido da jami'ai ke yi zance ne kawai matuƙar ba a yashe kogin duk shekara ba, ba sai ruwa ya ci gari ba.

Laifin har da mu. A zaurenmu akwai daraktoci a Dutse da Abuja, wasu rabonsu da bakin kogin ya fi shekara goma. Na tura musu hotunan kachalar. Mutum biyu ne suka amsa.