Faɗakarwa a Kan Kwangilar Jinyar 'Yan Ƙodago da Abin da Ake Kira Asirin Ciniki

 Ya ku 'yan'uwa, ku sani a shekarar 2010 Gwamnatin Nijeriya ta kafa dokar diyyar ma'aikata, ta ɗora ta a wuyan hukumar NSITF. Ta wajabta wa mai ba da aiki zuba aƙalla naira 1 cikin kowace 100 ta jimlar albashin da yake biya, ta kuma hana shi cire kuɗin daga ladan ma'aikaci. Daga wannan asusu ake biyan magani da diyyar wanda inji ya datse wa hannu, ko ya faɗo daga bisa gini.

To, asibiti da mai sayar da magani da mai ƙera ƙafar roba ba kyauta suke aiki ba, sai da jinga. Nan ne maganata take. Domin ɗabi'ar 'yan kwangila ce a ko'ina, in an tambayi nawa aka biya su, su ce asirin ciniki ne.

Ni kuwa na ce asiri a nan iri uku ne, kada a cuɗanya su.

Na fari, asirin majinyaci: sunansa da cutarsa da abin da ya gaya wa likita. Wannan amana ce, rufe ta wajibi ne.

Na biyu, asirin ɗan kasuwa tun ana taya kwangila. Ba daidai ba ne a nuna wa abokin takararsa tayinsa kafin a sallama. Wannan a rufe shi, amma zuwa wani lokaci.

Na uku, farashi da sharuɗɗa bayan an sa hannu: nawa ne ɗaurin karaya, kwana nawa za a kwantar da mutum, wa zai biya in ciwo ya tashi bayan sallama. Wannan kam ba asirin kowa ba ne. Malaman fikihu sun ce ijara ba ta inganta sai an san aiki an san lada. Yaya za a yi jinga a kan jikin mutum, shi kuwa ba shi da ikon sanin abin da aka sayo masa? In an ba shi rabin magani, da me zai gane an tauye shi? Lebura a kwance, iyali ba cefane, ba shi da makami sai wannan takarda.

Masu kwangila suna cewa in an bayyana farashi wani zai kayar da su a taya ta gaba. To, sai me? In wani zai yi aikin da kyau a kan ƙasa da haka, ai asusu ne ya ci riba, wani mai rauni ya samu. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Kuma doka tana tare da mu. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowa ikon tambayar hukuma a rubuce ba sai ya faɗi dalili ba, a amsa masa cikin kwana 7. Gaskiya ne sashe na 15 ya tsare asirin ciniki, amma shi ɗin dai ya yi umurni da bayyanawa in maslahar lafiyar jama'a ta rinjayi hasarar ɗan kasuwa. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu.

Saboda haka ina kira ga hukuma ta riƙa rubuta wa kowane ɗan kwangila tun farko cewa farashi da sharuɗɗa za a liƙa su a ƙofar asibiti, har da Hausa. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin ƙodago, ku rubuta ku tambaya, kada ku jira sai an yanke ƙafa. Kai ma'aikaci, in ka ji rauni, ka sanar da maigidan aikinka cikin kwana 14, kamar yadda doka ta ce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa masu riƙon amana su sauke ta. Haza wassalam.